Yadda ake kaɗa ƙuri'ar fitar da sabon zubin manhaja, daga shirya ƙunshi zuwa sanarwa

Duk ƙungiyar da ke rubuta buɗaɗɗiyar manhaja, irin wadda kowa ke iya karanta rubutun tushenta ya kwafa ya gyara, tana da ranar da za ta ce wa jama'a ga zubi na 1.2.0, ku sauke ku yi aiki da shi. Wa ke da ikon faɗin haka, kuma me ya duba kafin ya faɗa? Kowane aiki da tasa hanyar. A kanel ɗin Linux, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, Linus Torvalds ne ke yanke hukunci bayan an yi zubin gwaji kamar bakwai, ɗaya kowane mako. Python, harshen rubuta manhaja, kan naɗa wa kowane babban zubi jagoran fitarwa. Fedora, wani nau'in Linux, kan zauna taron a tafi ko a dakata, inda masu gwaji da masu gini ke faɗin ko sun gamsu. Gidauniyar Apache kuwa, mai kula da ayyukan buɗaɗɗiyar manhaja, wadda aka kafa a 1999, ƙuri'a take kaɗawa, kuma ayyuka da yawa sun ari ƙa'idojinta saboda a rubuce suke dalla-dalla.

Tsarin Apache ɗin za mu bi a nan, tare da yadda ƙaramar ƙungiya a Sakkwato za ta yi aiki da shi. A ce ɗaliban kimiyyar kwamfuta biyar ko shida ne daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Kwalejin Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, suna rubuta manhajar da ke riƙe wa dillalan albasa lissafin buhuna da bashi. Ba sai aikinsu ya shiga ƙarƙashin Apache ba kafin tsarin ya amfane su. Abin da za su riƙe tun farko shi ne, +1, wato ƙuri'ar amincewa, a kan fitarwa shaida ce. Mai ita yana cewa na sauke wannan ƙunshi na fayilolin manhajar, na tantance shi, na gina shi a kwamfutata, ya yi aiki.

Ƙuri'un da masu kaɗa su

Ƙuri'a uku ce: +1 na amincewa, -1 na ƙin amincewa, sai 0 ga wanda ba ya da ra'ayi ko bai samu damar dubawa ba. Akan ga wasu sun rubuta +0 ko -0 don nuna inda zuciyarsu ta karkata, amma a ƙuri'ar fitarwa waɗannan ba sa cike gurbin +1.

Kowa na iya kaɗawa, har mai amfani da manhajar da bai taɓa rubuta layi ɗaya ba, kuma ana so ya kaɗa. Sai dai ƙuri'ar da ke ɗaure ƙungiya ita ce ta 'yan kwamitin gudanar da aikin, wanda ake kira PMC a Apache. Dalilin bai tsaya ga girmamawa ba. A tsarin Apache, fitar da manhaja aiki ne na gidauniyar kanta, kuma ƙuri'ar 'yan kwamiti ce ke mayar da ƙunshin da mutum ɗaya ya haɗa ya zama na gidauniya, ta yadda nauyin shari'a ba zai faɗa kan ɗan sa-kai shi kaɗai ba.

Ƙa'idar cin ƙuri'a gajera ce. Sai an samu aƙalla +1 uku daga 'yan kwamiti, kuma +1 ɗinsu ya fi -1 ɗinsu yawa.

A nan ne sababbin shiga suka fi ruɗewa, domin -1 na da fuska biyu. Idan a kan wani gyara ne da ake son shigarwa cikin rubutun tushe, -1 daga mai iko hawa kujerar na-ƙi ne. Gyaran ya tsaya ke nan har mai -1 ya janye, da sharaɗin ya kawo hujja ta fasaha, in ba hujja ƙuri'arsa ba ta da ƙarfi. A kan fitarwa kuwa babu mai hawa kujerar na-ƙi. Gyare-gyaren da ke cikin ƙunshin an riga an karɓe su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya samu damarsa a lokacin, don haka ba a barin mutum guda ya tsare aikin jama'a a bakin ƙofa. Haka nan shiru ba amincewa ba ne a nan. A wasu ƙananan al'amura Apache na yarda a ce "in ba mai ja cikin kwana uku zan ci gaba", amma ba a fitar da manhaja da wannan.

Aikin jagoran fitarwa kafin ya kira kowa

Jagoran fitarwa shi ne wanda ya ɗauki nauyin wannan zubi. Ba lallai ya kasance ɗan kwamiti ba, duk mai izinin shigar da gyara na iya yi. Kwana biyu ko uku kafin ya fara, ya sanar da 'yan ƙungiya niyyarsa, domin wanda ke da gyaran da ya kusa kammaluwa ya yi magana tun yanzu, ba sai an buɗe ƙuri'a ba.

Idan karonsa na farko ne, sai ya ƙirƙiri mabuɗin sa hannu da `gpg --full-generate-key`, ya zaɓi RSA mai tsawon 4096. Mabuɗin ɓangare biyu ne, na sirri da ake sa hannu da shi da na jama'a da ake tantancewa da shi. Na jama'a yana shiga fayil mai suna KEYS, wanda ake ajiyewa a wurin da ake rarraba manhajar. Ƙarawa ake yi a ƙarshensa, ba a goge na wasu, domin da tsofaffin mabuɗan ake tantance tsofaffin zubi. Ɓangaren sirri kuwa ba ya barin na'urar mai shi. Kada a ƙirƙire shi a kwamfutar ɗakin karatu ko ta shagon buga takardu, kada a tura wa kai ta WhatsApp don ajiya. A sa masa kalmar sirri mai tsawo, a ajiye kwafi a filashin da ba ya yawo.

Daga nan sai shirya ɗan takara, wato ƙunshin da za a kaɗa wa ƙuri'a, wanda ake yi wa laƙabi da rc1, rc2, haka. Ka gyara lambar zubi a duk fayilolin da ke ɗauke da ita, ka rubuta bayanin abin da ya canza, sannan ka kafa alama a ma'ajiyar Git, inda ake ajiye rubutun tushe da tarihin gyare-gyarensa, ka fitar da ƙunshin daga alamar kanta:

```
git tag -s v1.2.0-rc1 -m "Dan takara na farko, 1.2.0"
git archive --format=tar.gz --prefix=manhaja-1.2.0/ -o manhaja-1.2.0-src.tar.gz v1.2.0-rc1
gpg --armor --detach-sign manhaja-1.2.0-src.tar.gz
sha512sum manhaja-1.2.0-src.tar.gz > manhaja-1.2.0-src.tar.gz.sha512
```

Amfanin `git archive` shi ne ba ya ɗaukar komai sai abin da ke cikin alamar. Wanda ya naɗe babban fayil ɗin aikinsa, wato folda, da hannu yakan kwaso tarkace ba tare da ya sani ba: fayilolin gwaji, saitunan na'urarsa, wani lokaci har fayil mai kalmar sirrin rumbun bayanai.

Ka lura sunan ƙunshin ba ya ɗauke da rc1. Babban fayil ɗin da aka zuba shi ciki ne ke ɗauke da laƙabin, misali `1.2.0-rc1/`. Hikimar ita ce idan ƙuri'a ta ci ba sai an canza wa komai suna ba. Fayil ɗin `.sha512`, mai lambar tantancewa da ake lissafowa daga abin da ke cikin ƙunshi, na ɗauke da sunan ƙunshi a cikinsa, kana canza suna tantancewa ta karye. Saboda wannan dalilin ne kuma ake gudanar da `sha512sum` daga cikin babban fayil ɗin da ƙunshin yake. In ka gudanar daga waje, doguwar hanyar na'urarka ce za ta shiga ciki, masu dubawa su riƙa samun saƙon ba a ga fayil ba. Lambar tantancewa ta zama SHA-512 ko SHA-256. Apache ta daina karɓar MD5 da SHA-1 a sababbin fitarwa.

Fayil uku ke nan: ƙunshi, `.asc` mai sa hannu, da `.sha512`. A Apache ana ɗora su a sashen `dev` na dist.apache.org, wanda ke aiki da Subversion, wata ma'ajiya irin Git. Ƙungiyar da ba ta Apache ba na iya ɗora su a GitHub a matsayin zubin gwaji. Ko ina aka ɗora, ba a tallata ɗan takara ga jama'a. Kada dillali a kasuwa ya samu rc1 a wayarsa don wani ɗan ƙungiya ya ƙagu ya nuna aiki.

Abin da ake kaɗa wa ƙuri'a a hukumance shi ne ƙunshin tushe. Ginanniyar manhaja, kamar fayil ɗin APK na waya ko JAR, rakiya ce don sauƙaƙa wa mutane, kuma dole a gina ta daga wannan tushen da wannan lambar zubin.

Kiran ƙuri'a da awa 72

Saƙon kira yana zuwa wurin da kowa ke gani kuma ba ya gogewa. A Apache imel ne na masu haɓaka aikin, da kalmar VOTE a farkon take. Ƙaramar ƙungiya na iya buɗe batu a ma'ajiyarta ta GitHub ko GitLab. Gurup ɗin WhatsApp bai dace ba, ko da a can ake hira kullum. Saƙo na nutsewa, ana iya goge shi, wanda ya shigo bayan wata shida ba ya ganin abin da aka yi, kuma wurin na jawo ɗaga babban yatsa maimakon bayani. A tura sanarwa a gurup, ƙuri'a kuwa a kaɗa ta inda za ta zauna.

Ga yadda saƙon zai iya kasancewa:

> Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina kiran ƙuri'a kan fitar da zubi na 1.2.0, ɗan takara na farko. Ƙunshi da sa hannu da lambar tantancewa suna wuri kaza. Alamar Git ita ce v1.2.0-rc1, a kan gyara mai lamba kaza. An sa hannu da mabuɗi mai zanen yatsa kaza, yana cikin KEYS. Ƙuri'a za ta zauna a buɗe aƙalla awa 72, zuwa Alhamis ƙarfe 10 na safe agogon Nijeriya, wato 09:00 UTC. Don Allah duk mai kaɗawa ya faɗi abin da ya duba.

Lambar gyaran, mai haruffa 40, ta fi sunan alamar muhimmanci, domin alama ana iya goge ta a sake kafa ta a wani wuri, lambar kuwa ba ta canzawa. Ana samunta da `git rev-list -n 1 v1.2.0-rc1`. Yana da kyau a liƙa lambar SHA-512 ɗin kanta cikin saƙon, ta zama hujjar ainihin fayil ɗin da aka kaɗa wa ƙuri'a.

Awa 72 an sa ta ne domin 'yan sa-kai a warwatse suke a duniya, wani na barci lokacin da wani ke aiki, kuma kowa na da abin da yake ci da shi. Mafi ƙarancin lokaci ce, jagora na iya ƙarawa. Ku rubuta lokacin rufewa da UTC, agogon bai-ɗaya na duniya, ko da duk kuna cikin gari ɗaya, don wata rana za a samu ɗan ƙungiya a Yamai ko Kuala Lumpur. Agogon Nijeriya na gaban UTC da awa ɗaya.

Ranar buɗewa ma abin lura ce. Wanda ya buɗe daren Alhamis ya ba mutane Juma'a da Asabar da Lahadi, kwanakin da aka fi tafiya gida da ɗaurin aure. Litinin ko Talata da safe ta fi. Kada a buɗe ana gobe Sallah ko tsakiyar jarabawa, kuma a goman ƙarshe na azumi a ba da kwana biyar ko mako. A watannin zafi na Maris zuwa Mayu, inda wuta ke yawan ɗaukewa laftof kuma na zafi yana mutuwa tsakiyar gini, mutum na iya buƙatar zama biyu kafin ya gama dubawa. A yi lissafi da wannan tun wajen sa lokaci.

Jagora shi ma sai ya kaɗa tasa a fili. Kiran ƙuri'a ba ya nufin ya ba da +1, kuma tasa tana ɗaurewa ne kawai idan ɗan kwamiti ne.

Abin da mai kaɗawa zai yi kafin ya rubuta +1

Nan ne zuciyar al'amarin. Ƙa'idar Apache ta wajabta wa ɗan kwamiti, kafin ya ba da +1, ya sauke ƙunshin tushe a na'urarsa, ya tabbatar ya cika sharuɗɗan fitarwa, ya tantance sa hannu, ya gina shi yadda aka kawo shi, ya gwada abin da ya fito. Ganin alamar kore a injin gwaji na GitHub bai wadatar ba.

Ka buɗe sabon babban fayil, ka sauke fayilolin uku da KEYS. Idan intanet na yankewa, yi amfani da `wget -c` ko `curl -C - -O` don saukewar ta ci gaba daga inda ta tsaya, kada data ta tafi a banza. Sannan:

```
sha512sum -c manhaja-1.2.0-src.tar.gz.sha512
gpg --import KEYS
gpg --verify manhaja-1.2.0-src.tar.gz.asc manhaja-1.2.0-src.tar.gz
```

A macOS umarnin farko shi ne `shasum -a 512 -c`. A Windows, `certutil -hashfile` da sunan fayil da SHA512 zai fitar da lambar, ka gwada ta da ta saƙon kira. Idan lambar ba ta dace ba, kada ka yi saurin kaɗa -1. Mafi yawan lokuta saukewa ce ta yanke. Ka duba girman fayil, ka sake saukewa, in ta sake saɓawa sannan ka yi magana.

Lambar tantancewa na gaya maka fayil bai lalace a hanya ba. Ba ta gaya maka wa ya yi shi, don wanda ya iya musanya ƙunshi zai iya musanya `.sha512` ɗin da ke gefensa. Sa hannu ne ke amsa wannan. Idan gpg ya ce `Good signature`, ƙunshin ya dace da mabuɗin. Sau da yawa zai biyo da gargaɗin cewa ba a tabbatar da mabuɗin ba. Wannan ba faɗuwa ba ce, yana nufin kai ba ka taɓa shaida cewa mabuɗin na wannan mutumin ne ba. A nan ƙungiyar da ke gari ɗaya ta fi ta duniya sa'a: ku haɗu ido da ido, jagora ya karanto zanen yatsan mabuɗinsa, haruffa 40, kowa ya gwada da abin da `gpg --fingerprint` ya nuna masa, sannan ku sa wa mabuɗan juna hannu. `BAD signature` kuwa -1 ce kai tsaye.

Mataki na gaba shi ne wanda aka fi tsallakewa, kuma shi ne bai kamata a tsallake ba. Ka warware ƙunshin, ka ɗauko alamar daga Git a wani babban fayil daban, ka gwada su da `diff -r`. Duk bambancin da ya fito sai jagora ya yi bayaninsa. A watan Maris na 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund ya gano ƙofar baya da aka dasa a manhajar matse fayil ta xz, zubi na 5.6.0 da 5.6.1. Guntun rubutun da ke tayar da mugun abin lokacin gini yana cikin ƙunshin da aka rarraba, ba ya cikin ma'ajiyar Git da mutane ke karantawa. Ƙunshin na ɗauke da sa hannu mai kyau, domin wanda ya dasa abin yana cikin masu kula da aikin. Sa hannu bai kama shi ba, kuma ba zai iya ba. Gwada ƙunshi da alama ne irin binciken da ke fito da wannan bambanci fili.

Sai lasisi. Ka tabbatar akwai fayil ɗin LICENSE, a ayyukan Apache har da NOTICE mai shekarar da ta dace. Ka duba ko kowane fayil na tushe na da bayanin lasisi a kansa. Akwai manhajar Apache RAT da ke zagaye ƙunshi ta lissafo waɗanda ba su da shi. Ka nemi rubutun da aka kwaso daga wani aiki. Apache ta kasa lasisi gida uku: rukunin A irin su MIT da BSD ana shigar da su, rukunin B irin su MPL da EPL sai a ginanniyar siga da sharaɗi, rukunin X irin su GPL ba sa shiga sam. Ƙungiyar da ta zaɓi GPL a matsayin lasisinta tana da nata lissafin daban, amma tambayar ɗaya ce, shin muna da izinin rarraba duk abin da ke cikin nan? Hotuna da salon haruffa na cikin abin da ake mantawa. Wanda ya ɗauko salon haruffa mai ƙ da ɗ da ɓ daga intanet ya jefa cikin manhaja, sai an ga lasisinsa. Kuma ƙunshin tushe ba ya ɗaukar ginannun fayiloli irin su `.jar`, `.class`, `.exe` ko `.so`, don ba mai iya karanta abin da ke cikinsu.

Yanzu gini. Ka bi umarnin da ke cikin README harafi da harafi, kamar ba ka taɓa ganin aikin ba. Kada ka cike gurbi da abin da ka sani a ka, domin gurbin shi ne abin da ake nema. Ka gina a wuri mai tsabta: sabon muhalli na Python, ko `npm ci` bayan goge `node_modules`, ko Maven, manhajar gina ayyukan Java, da ma'ajiyar wucin gadi maimakon `~/.m2` ɗinka. Manhaja kan ginu lafiya a na'urar jagora saboda wani abin dogaro da ya daɗe a ajiye a can, ta ƙi ginuwa a ko'ina. A Maven ka nemi kalmar SNAPSHOT, alamar zubin da bai kammala ba, a fayilolin `pom.xml`. Zubin da ya dogara da abin da bai tsaya ba, gobe wani abu daban zai gina. Gaskiya ne gini mai tsabta na cin data, wani lokaci ɗaruruwan megabait. Ƙungiya ta san da haka, ta haɗa kuɗin data ga masu dubawa ko su zauna inda akwai Wi-Fi, amma kowa a kan na'urarsa. Mutum uku a gaban laftof ɗaya dubawa ɗaya ce.

Bayan gwaje-gwajen da ke cikin aikin sun wuce, ka taɓa manhajar da hannu. A misalinmu, ka shigar da buhu 40, ka rubuta bashin wani, ka kashe data ka ga ko lissafin ya zauna, ka rubuta suna mai ƙ ko 'y ka ga ko ya fito daidai a rasit. Ka ɗora sabon zubin a kan tsohon da ke da bayanai a ciki, don nan ne asara ta fi faruwa. In kana da tsohuwar waya mai ƙaramin wuri, ita ce ta fi kama da abin da ke hannun masu amfani.

Sannan ka rubuta ƙuri'arka da bayani: "+1, ɗan kwamiti. Na tantance sa hannu da SHA-512, ƙunshi ya dace da alama, na gina a Ubuntu 22.04 da Java 17, gwaje-gwaje sun wuce, na gwada a waya mai Android 11." Amfanin wannan shi ne jagora ya ga inda ba a taɓa ba. In duka ukun a Ubuntu suka gina, ya san ba wanda ya gwada Windows. Wanda bai samu lokaci ba ya rubuta 0, ko ya faɗi iyakar abin da ya duba. Ba abin kunya ba ne. Abin da ke cutar da aiki shi ne +1 ta kara, wadda ake ba wa aboki don kada ya ji ba daɗi, ko ƙarami ya ba babba don nauyinsa.

Idan -1 ta fito

Mai -1 ya faɗi dalili yadda wani zai iya maimaitawa: umarnin da ya gudanar, na'urarsa, saƙon kuskuren da ya gani. Jagora kuma ya tambayi kansa abu biyu. Shin matsalar sabuwa ce a wannan zubin, ko tana nan tun na baya? Shin ta shafi lasisi, tsaro, ko asarar bayanai? Tsohon aibi da bai ƙaru ba yawanci ba ya hana fitarwa, a rubuta shi a gyara a zubi na gaba. Matsalar lasisi, sa hannu mara kyau, ƙunshin da ya ƙi ginuwa ko ya saɓa wa alama, waɗannan suna kashe ɗan takara ko da +1 goma ya samu. Ƙa'ida ta ba jagora damar ci gaba in lissafi ya cika, amma a aikace jagora mai hankali yana soke ƙuri'a idan an nuna masa aibi na gaske, ko da wanda ya nuna ba ɗan kwamiti ba ne.

Sokewa na da tsari. A aika saƙo mai CANCEL a take, a faɗi dalili, a gyara a ma'ajiya, a kafa sabuwar alama `v1.2.0-rc2`, a sake ƙunshi da sa hannu, a buɗe sabuwar ƙuri'a da sabuwar awa 72. Ƙuri'un rc1 ba sa bin rc2.

Jarabar da ke kama kowane jagora ita ce gyaran ɗan ƙaramin abu a ɓoye: harafi ɗaya a README, shekara a NOTICE, sai ya sake naɗe ƙunshin ya ɗora a wurin na da. Kada a yi. Dillalin da ya duba buhun albasa aka ɗinke a gabansa, in aka farke aka sake ɗinkewa bayan ya juya baya, shaidarsa ba ta kan wannan buhun kuma, ko da albasa ɗaya aka canza. Harafi ɗaya na canza lambar SHA-512 gaba ɗaya, waɗanda suka riga suka kaɗa sun shaidi fayil ɗin da ba shi za a fitar ba. Kaiwa rc3 ko rc4 abu ne da manyan ayyuka ke yi kullum.

Ƙirga da fitarwa

Bayan lokaci ya cika, jagora ya ƙirga na 'yan kwamiti daban, na sauran daban. +1 uku da -1 ɗaya ta ci. +1 uku da -1 uku ba ta ci ba. +1 biyu na kwamiti da goma na sauran jama'a ba ta ci ba tukuna, sai a bar ta a buɗe a tuna wa waɗanda ba su kaɗa ba. Idan mutum ya canza ra'ayi kafin rufewa, ta ƙarshe ake ɗauka. Sakamakon ya fita a saƙo daban mai RESULT a take, da sunayen masu kaɗawa da matsayin kowa.

Fitarwa kuma matsar da fayilolin nan ne, ba sake gina su ba. A Apache `svn mv` ake yi daga sashen `dev` zuwa `release`, in akwai kayan Maven a sake su daga ma'ajiyar jira ta repository.apache.org. A kafa alamar ƙarshe `v1.2.0` a kan gyaran da rc ɗin da ya ci yake. A jira aƙalla awa ɗaya fayiloli su bazu kafin a gyara shafin saukewa a aika sanarwa, kuma kafin sanarwar wani ya sauke daga adireshin jama'a ya sake gwada lambar SHA-512 da ta saƙon kira. Tsofaffin zubin da aka daina kula da su a cire su daga wurin rarrabawa, a Apache suna nan ajiye a archive.apache.org.

Aikin da ke cikin shirin renon sababbin ayyuka na Apache, wato Incubator, sau biyu yake kaɗawa: a cikin gida, sannan a gaban kwamitin Incubator, inda nan ma sai an samu +1 uku. Sunan ƙunshinsa na ɗauke da kalmar `incubating`, da fayil ɗin DISCLAIMER a ciki.

Hali na musamman ne kawai, kamar gaggawar tsaro, ke sa a rage awa 72, kuma sai an faɗi dalili a saƙon kira. A Disamba 2021, da ramin tsaro mai suna Log4Shell ya bayyana a manhajar Log4j ta Apache, masu ita sun fitar da 2.15.0, 2.16.0, 2.17.0 da 2.17.1 duk cikin watan. Ko a irin wannan hali lokaci ake ragewa, +1 uku na nan yadda suke.

Ƙaramar ƙungiya ta rubuta nata tsarin a fayil ɗaya cikin ma'ajiya tun kafin fitarwar farko: sunayen waɗanda ƙuri'arsu ke ɗaurewa, yadda ake shiga cikinsu, adadin da ake bukata, tsawon lokaci, da inda ake kaɗawa. In ku uku ne kacal, duk ukun sai kun duba, har da jagora, kuma tafiyar mutum ɗaya hidimar ƙasa ta isa ta tsayar da ku. Don haka ku fara koya wa na huɗu da na biyar tun yanzu. Ku ba su ɗan takara su duba su kaɗa ƙuri'ar da ba ta ɗaurewa, wanda ya yi haka sau biyu ko uku da bayani mai kyau ku shigar da shi kwamiti, ku ba shi jagorancin zubi na gaba.